Madugu, wanda ya tsaya mini a tsakiyar kogi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye a tsakar gida da kofin shayi a hannu waya ta yi ƙara. Abokinmu Isiyaka ne. Ya ce Madugu ya rasu.

Na ce wane Madugu? Sai ka ce muna da biyu.

Wai ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce wa matarsa Hajara kansa na sara masa. Kafin ta kawo masa ruwa ya kife. Ko asibiti ba a kai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, sunansa Abdulkarim, makanike ne, garejinsa na nan wajen Tiendpalogo. Kakansa madugun fataken goro ne, shi ya sa sunan ya bi shi tun yana ƙarami. Tare muka taso a Zango, ƙofa na kallon ƙofa, kafin a rushe mana layi a watsa mu ko'ina a gari. Tare muka yi lekol, makarantar boko. Ni na fi shi karatu, shi ya fi ni duk sauran abubuwa.

Akwai abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Yau zan rubuta.

Shekara uku ke nan da na yi hatsari a hanyar Kudugu. Ni ke tuƙi, ƙanina Aminu na gefena. Ni na fito da karayar hannu, Aminu bai fito ba. Tun ranar ban ƙara taɓa sitiyari ba. Matata ke goya ni a babur zuwa shago, 'yan majalisa na tsokanata wai na zama kayan Madam. Ina dariya tare da su, amma ni na san abin da ke cina.

Kowa ya yi mini wa'azi. Ƙaddara ce, ka yi haƙuri, ka zama namiji. Na gode musu, amma da na ji an fara sai kunnena ya toshe.

Madugu bai taɓa yi mini wa'azi ba.

Shi ya je ya jawo ragowar motar, ya ɓoye ta a bayan garejinsa ya lulluɓe da tampol don kada mahaifiyarmu ta gani. Duk Juma'a sai ya zo ya ɗauke ni zuwa masallaci. Watannin farko a baya nake zama ido a rufe, shi kuma yana ta zuba surutun ƙwallo kamar bai lura ba. Ranar da na buɗe ƙofar gaba da kaina, ko kallona bai yi ba. Kwali da sifana da ke kan kujerar kawai ya kwashe ya jefa baya.

Yana da wata tsohuwar kat-kat, motar daji mai jan ƙafa huɗu, wadda ya haɗa da hannunsa daga gawar motoci uku. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Duk shekara in damina ta ɗauke sai ya kwashi abokai su shiga daji su wuni, ba don farauta ba, ba don komai ba, sai don a ga ƙasa a sha iska. Shekara uku yana gayyatata ina ƙi.

Lahadin waccan bai gayyace ni ba. Zuwa ya yi ya tsaya a ƙofar gidana yana danna oda har maƙwabta suka leƙo. Na fito don in yi masa faɗa, na iske matata ta riga ta miƙa masa kular abinci. Ashe da ita aka haɗa baki.

Mu uku ne, ni da shi da Isiyaka. Isiyaka ma'aikacin banki ne, mutumin kirki, amma in ka raba shi da waya ka kashe shi.

Muka kama hanyar Po, muka wuce Kombisiri, sai Madugu ya sauka daga kwalta ya bi wata jar hanya da ni dai ban ga alamar hanya ba. Dawa ta nuna ana ta yanka, mata da kwanduna a ka suna ɗaga mana hannu. Motar na tsalle, kanmu na bugun rufi, Isiyaka na rungume da kular abinci yana salati. Sau biyu muka tsaya Madugu ya rage iskar tayu saboda yashi. Sau ɗaya muka tsaya don kawai ya ga wata ƙatuwar kuka yana so mu tsaya mu kalle ta.

Na yi dariya ranar, irin wadda na manta ina da ita.

Wajen sha ɗaya muka iso bakin kogin Nazinon. Ruwan ya ja baya amma bai tafi ba, ja ne wur, yana tafiya a hankali. Ga sawun tayu nan ɓaro-ɓaro ya gangara cikin ruwa. Isiyaka ya ɗaga waya ya ce taswira ma nan ta nuna, mu wuce kawai.

Madugu ya kashe mota.

Ya zaro ƙunshin goro daga ƙarƙashin kujera, a cikin ganyensa, da danshinsa. Ya ce a gidansu ba a ƙetare ruwa sai an gai da masu ruwan. Haka kakansa ke yi da ayarin jakuna, haka shi ma zai yi da kat-kat. Ya ce kogi duk damina sai ya sauya shimfiɗa, kuma wanda ke kwana a bakinsa kaɗai ya san inda ya kai yashin bana.

Muka taka zuwa wasu bukkoki, muka iske wani tsoho Bamoshe yana gyaran taru a gindin ɓaure. Madugu ya durƙusa ya gaishe shi da yarensu Moore, gaisuwa mai tsawo, ta gida da gona da dabbobi, har Isiyaka ya fara duba agogo. Sai da tsohon ya ɓare goro ya kai baki sannan aka zo kan magana. Ya ce wancan sawun na bara ne. Bana ruwa ya haƙa rami a wurin, ya isa ya haɗiye bijimin sa da ƙahonsa. Mashigin ya koma sama, kusa da wasu duwatsu, kuma ba a miƙe yake ba, lanƙwasa gare shi.

Isiyaka ya maida wayarsa aljihu, bai ƙara fito da ita ba sai da za mu ci abinci.

A bakin sabon mashigin Madugu ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya karɓi sandar tsohon ya shiga ruwa. Dokarsa ke nan: ba ya sa mota inda bai taka da ƙafarsa ba. Yana tafe yana caka sanda, ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. Ya je can ƙetare ya dawo tsakiya ya tsaya. Daga nan ya ɗaga murya ya ce ƙasa mai tauri siririya ce, dole wani ya tsaya a cikin ruwa yana nuna hanya, kuma shi kaɗai ya taka ta. Wani ya shigo da motar.

Na dubi Isiyaka. Ya ɗaga hannu biyu ya ce shi otomatik kaɗai ya iya, bai ma san abin da ƙafa ta uku ke yi a mota ba.

Sai a lokacin na gane. Duk direbobin da ke majalisarmu, Isiyaka ne Madugu ya zaɓa ya ɗauko.

Raina ya ɓaci sosai. Na faɗa masa maganganu daga bakin gaɓa waɗanda yau nake jin kunyarsu. Na ce ya raina ni, na ce ba abin wasa ba ne, na ce ya fito mu koma gida. Ya ce shi dai ba ya fitowa, in sanyi ya kama shi ni zan yi wa Hajara bayani. Tsohon ya samu dutse ya zauna yana taunar goronsa yana kallonmu.

Mun fi minti ashirin a haka.

Daga baya ya tako ya fito, wando na ɗigar ruwa. Na ɗauka ya haƙura. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda Isiyaka ba zai ji ba.

"Tanimu, tayar motarka da ta fashe ranar hatsarin, ni na kwance ta da hannuna. Daga ciki ta ruɓe, ba wanda zai gani daga waje. Wallahi ko ni ke riƙe da sitiyari ranar, abin da ya faru shi zai faru."

Na ce me ya sa bai taɓa gaya mini ba.

"Da na faɗa a lokacin, da ka zuba ta cikin ta'aziyya. Jira nake ka iya ji."

Ya juya ya koma cikin ruwa.

Ban san yadda na hau kujerar ba.  Madugu ya riga ya sa wa motar giyar daji, ya gaya mini tun daga can: lamba ɗaya, kada in ɗaga ƙafa daga totur, kada in taɓa kuloci ko me ya faru. Isiyaka ya shigo gefena da kansa, ya ɗaura bel. Allah ya saka masa, don na san tsoro yake ji.

Muka gangara. Ruwa ya daki gaban mota ya watso kan gilashi, ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, na ji sanyinsa a idon sawu. Madugu na tafiya da baya-baya a gabana, sanda a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kira na. "Bilfu-bilfu," yake cewa da Moore, wato a hankali. "Hagu kaɗan. Ya isa. Taho, taho, se bon."

A wurin lanƙwasar tayar baya ta zame. Ƙafata ta so ɗagowa. Ya daki bonet da tafin hannu ya ce in dube shi. Na dube shi. Dariya yake yi, mutumin nan, ruwa har ƙugu.

Muka hau tudu.

Na kashe mota na kifa kai a sitiyari na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izar Aminu. Ba wanda ya ce mini in yi shiru. Da na ɗago, Madugu ya shanya wandonsa a kan bonet, ya ɗaura zanin shimfiɗa, yana hura gawayin shayi yana yi wa Isiyaka faɗa wai ya manta da sukari.

A bakin kogin muka yi azahar. Muka ci shinkafa da wake da hannu, muka aika wa tsohon nasa. Ban taɓa cin abincin da ya kai wannan daɗi ba.

Da za mu koma na tambaya ko ta ruwan za mu sake bi. Isiyaka ya fashe da dariya ya nuna mini waya. Ashe akwai gada a gaba kaɗan, lafiyayya, har manyan motoci na bi. Madugu ya san da ita sarai.

Ni na tuƙo mu cikin daji har bakin kwalta. Da na hango manyan motoci na wucewa a guje sai na taka birki na ce nan kam ba zan iya ba. Bai musa ba, ya karɓa. A ƙofar gidana ya leƙo ta taga ya ce, "Saura kwalta. Juma'a kai za ka kai mu masallaci."

Ranar Juma'a na aika masa saƙo cewa mura nake yi.

Ƙarya na yi. Lafiyata ƙalau, tsoro ne. Ya amsa da cewa Allah ya ƙara sauƙi, Juma'a ai ba ta ƙarewa. Ban ƙara ganinsa ba sai ɗazu, an lulluɓe shi.

Wannan ƙaryar na ci mini rai, jama'a. Ba zan ɓoye ba.

Za a yi jana'iza bayan la'asar in Allah ya yarda. Mahaifiyarsa na Kupela wurin ƙanwarsa, an gaya mata dai jikinsa ya yi tsanani, ba a faɗa mata sauran ba. Dole wani ya je ya ɗauko ta. Ƙofar gidan cike take da direbobi, yaransa na gareji da abokan aikinsa, kowa na cewa shi zai je.

Hajara ta aiko a kira ni. Tana zaune cikin mata idonta ya kumbura, ta miƙo mini makullin kat-kat.

Na ce mata, Hajara, ga waɗanda suka fi ni hannu.

"Yaya Tanimu, ranar da kuka dawo daga kogi bai iya cin tuwo ba don murna. Cewa ya yi ɗan'uwansa ya dawo. Inna ta san ka tun kana ƙarami. Kai nake so ta gani."

Yanzu haka a cikin motar nake rubuta wannan. Isiyaka na gefena, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Kwalta ce tun daga nan har Kupela. Amma zan tafi.

Allah ya jiƙan Abdulkarim. Allah ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Yadda ya yi haƙuri da ni shekara uku bai gaji ba, Allah ka yi masa fiye da haka. Allah ya ba Hajara da yara dangana.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, shi da ƙanina Aminu. Ku sa ni ma a ciki, Allah ya kai mu lafiya, ya kuma ba ni abin da zan faɗa wa Inna in ta ga motar ɗanta ta tsaya a ƙofa ni na fito.