Dutsen Niƙan Da Na Ɗauke

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta da gayyar da muka yi a tsohuwar maƙabartar garinmu, kusa da Zagga, a shekarar da aka sami 'yancin kai ba.

Maƙabartar ta daɗe a yashe. Shanu na ratsa ta, masu gonaki kuma kowace damina sai su ɗan ci gefenta. Dattawa suka ce a share ta, a kewaye ta da shingen cini-da-zugu. Ni ne sarkin samari a lokacin, ga rawar kai, ga son a ce na iya. Da na ga duwatsu da fasassun tukwane warwatse cikin ciyawa, sai na ce a kwashe su duka a jera a bakin iyaka, don wuri ya yi fes. Har da wani rabin dutsen niƙa, ni na cicciɓe shi da hannuna. Ban tambayi kowa ba, alhali dattawan suna zaune a inuwa, taku kaɗan daga inda nake.

Bayan kaka wani tsoho Badende ya iso daga tsallaken iyaka, ƙasar Dahomey. Ashe mahaifinsa bafatake ne da ya rasu a garinmu, kuma duk shekara tsohon yakan zo ziyarar kabarinsa. Ni aka haɗa shi da ni, na kai shi maƙabartar. Ya yi ta zagaye yana dube-dube, sannan ya juyo.

"Ɗana, wa yaɗ ɗauke dutcin niƙa daga wurin ga?"

"Baba, mu munka kwashe su, munka yi iyaka da su."

"Shi kaɗai as shaidata. Ubana na ƙarƙashinai."

Na ruga na ɗauko dutsen, na tsaya riƙe da shi, na rasa inda zan ajiye. Ko'ina ƙasa ce shararriya, iri ɗaya. Wallahi na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce, "Aje shi, ɗana. Allah ya san inda shike."

Ya tsaya a bakin shinge ya yi wa kowa da kowa addu'a, ya kama hanya. Bai sake zuwa ba.

Shingen nan yana nan har yau, ana yaba mini shi, ni kuwa kunya nake ji. Tun ranar na koyi cewa kafin ka ɗauke abin da ka tarar a ajiye, ka tambayi wanda ya riga ka zuwa.