Bohuslava da Shafin Masu Shiru

Gyaran gashi Bohuslava Vrbova ta yi duk rayuwarta a birnin Brno, kuma bakinta ba ya hutawa sai ranar Lahadi. Ranar take hawo benen da mu 'yan Kweka, wani ƙaramin rukunin Kirista, muke taruwa, ta zauna cikin da'irar kujeru, ta yi shiru tare da mu. Ba mu da fasto, ba waƙa, ba wa'azi. Ta ce tun rasuwar mijinta nan kaɗai take samun sa'ida.

To amma mun kusa ƙarewa. Wasu sun rasu, wasu gwiwa ta hana su hawa bene. Oldrich, dattijon cikinmu, ya kawo shawarar a rufe taron in sanyi ya wuce ba mu ga baƙuwar fuska ba. Ni Jitka, ni ce mai rubuta abin da taro ya amince da shi.

"Daga ina baƙon zai fito?" in ji Bohuslava. "Kun duba shafinmu na intanet kuwa? Hoton kujeru ba kowa, kamar gidan da aka tashi!"

Gaskiyarta. Ranar ɗaukar hoton kowa noƙewa ya yi, wai kada ya fifita kansa a kan sauran Abokai, kamar yadda muke kiran junanmu. A ƙasan hoton kuma Oldrich ya zuba tarihinmu tiryan-tiryan. Ba inda aka gaya wa mutum abin da zai tarar in ya zo.

Da yatsa ɗaya Bohuslava ta koyi gyaran shafin, tana yi wa kwamfutar faɗa kamar tana jin ta. Ta karanta mana abin da ta rubuta: "Ba sai ka ƙwanƙwasa ba, turo ƙofa kawai. Zauna inda ka ga dama. Za ka same mu shiru. Ba fushi muke da kai ba, ba kuma jiran wani muke ba, ibadar ke nan. In cikinka ya yi ƙugi, namu ma yana yi. In ka ga mutum biyu sun yi musabaha, an tashi, akwai shayi da biredi mai zaƙi."

"Haba Bohuslava," in ji Oldrich, "ƙugin ciki a shafin ibada?"

"Ai naka ya fi na kowa, Oldrich. Har a titi ana jin sa."

Mu ba ma kaɗa ƙuri'a. Sai kowa ya natsu da magana ake rubuta ta, in mutum ɗaya ya cije, a sake yin shiru. Kai, na sha takaici! Rabin sanyin nan a kan ƙugin ciki ya tafi. Ba ma rantsuwa, da na rantse saura kaɗan in jefi Oldrich da biro. Daga ƙarshe ya ce bai gamsu ba, amma ba zai tare hanya ba. Har sabon hoton da muka ɗauka ya shiga, fuska a murtuke.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ta biyo, ba kowa. Bohuslava duk ta rame. Sai wata safiya ƙofa ta buɗe, wani ƙaton mutum ya shigo riƙe da hula, ya samu kujera ya zauna har aka tashi. Radim sunansa, direban bas. Wajen shan shayi ya ce wa Bohuslava, "Bara na sha hawowa har bakin ƙofar nan. In kasa kunne in ji tsit, in ce ba kowa, in koma gida. Sai da na karanta shafinku na gane."

Bohuslava ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.

Radim ya dawo da ƙanwarsa. Wasu ɗalibai suka faɗo, sai wata mai jego da jaririnta. Ranar yanke shawara, wasu a jikin bango suka tsaya. Na karanta batun rufewa, aka yi shiru. Can Oldrich ya dafa sanda ya miƙe.

"Jitka, soke wannan," ya ce. "Rubuta a nemo ƙarin kujeru."