Si Munsif da Kwalin Gyara

Kowace safiya, kafin mu gama share rumfa, sai mu ji tsohuwar motarsa tana tari a bakin ƙofa. Si Munsif Bin Sasi zai fito ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafar wannan da jikan waccan, sannan ya wanke hannu har gwiwa a gabanmu don mai ƙiwa ta gani ta ji kunya. Daga nan ya leƙa ɗakin sanyi, ya duba sikeli, ya zauna ya sha shayin da likita ya hana shi. Haka yake tun da aka turo shi nan Duz, ga shi kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Mu mata ne masu tsince dabino muna zubawa a kwali. Da can dillalai ke zuwa su yanka farashin da suka ga dama, mu ce mun gode. Sai masu ba da tallafi suka kawo shirin koya wa ƙananan ƙungiyoyi irin tamu sayar da kaya a ƙasashen maƙwabta. Ƙwararru sun zo sun koyar, Allah ya saka musu, suka koma. Wanda aka bari da mu da taurin kanmu shi ne Si Munsif.

Motarmu ta farko Misrata ta ƙasar Libiya za ta, wurin wani ɗan kasuwa da ya yarda ya gwada mu. Ofishin shirin ya riga ya faɗa ƙarara: in wannan ta faɗi, tallafin zai koma wata ƙungiya, mu kuma mu koma hannun dillalai. Muka yi guɗa motar ta tashi. Washegari direba ya bugo waya, wai kwastan sun tsare shi a iyaka, kayan sun fi nauyin da aka rubuta, ana zargin an ɓoye wani abu a ciki. Innalillahi!

Si Munsif ya bi motar can, ya tsaya a rana aka buɗe kwalaye. Ba komai sai dabino, amma kowane kwali ya zarce nauyinsa. Aka juyo da motar.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Jama'a, sikelin nan da hannuna na daidaita shi. Me ya faru?"

Khalti Mbarka, babbarmu, wadda ke rufe kwalaye a ƙarshen tebur, ta gyara mayafi. "Ni ce. In an auna, sai in ƙara cikin tafi."

"A kowane kwali, Khalti?"

"To da fa? Ɗana, tun ba a haife ka ba nake sayar da dabino, ban taɓa sallamar mutum ba gyara ba. So kake a je Libiya a ce matan Duz marowata ne?"

Wallahi na so in shaƙe ta. Shi kuwa dariya ya yi har da hawaye, sannan ya sumbaci kanta. Da ofis suka ce a ɗauke tsohuwar daga tebur, ya ce musu a ba shi zuwa la'asar. Ya ɗauko kwali guda ya ajiye kusa da ita. "Khalti, duk lokacin da hannunki ya yi ƙaiƙayi, zuba nan. Za mu auna shi, mu shaida wa kwastan kyauta ce, ya tafi da sunanki."

Ta harare shi. "Mutumin zai san daga gare mu ne?"

"Ni da kaina zan gaya masa."

Muka zube muka sake auna kayan kaf, shi ma ya naɗe hannun riga yana ɗauka, bayansa na ciwo yana ɓoyewa. Motar ta wuce iyaka lafiya. Ɗan kasuwar ya bugo yana tambayar kwalin da bai saya ba, da aka yi masa bayani sai ya ce a tanadar masa mota ta biyu. Har yau shi ke sayen kayanmu, ya kuma kawo mana wasu masu saye.

Si Munsif, kai ne ka koya mana dokar iyaka ba ka raba mu da halinmu ba. Kai ne ka tsaya tsakanin tsohuwa da kunya a ranar da mu kanmu muke jin haushinta. Ban taɓa ganin hotonka a bangon ofis ba, kuma abin yana ci mini rai. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma matasan da ake ɗauka irin wannan aiki, in kun ga mutanenku sun yi kuskure, ku tambayi dalili kafin ku yi faɗa, kamar yadda ya yi.

Jiya muna shawarar abin da za mu ba shi na sallama, na ce ai masu tallafi sun yi mana ƙoƙari, sun ba mu sikeli da ɗakin sanyi da shi kansa. Khalti Mbarka ta girgiza kai, idonta ya ciko.

"Sikeli da ɗakin sanyi su ne kayan," in ji ta. "Shi kam gyara aka yi mana."