Lallen Azumi Mai Fura

Duk wanda ya zauna unguwar masaƙa a Gwandu cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin ya san Azumi mai fura. In bai san fuskarta ba, to ya san aikin hannunta. 'Yar Kalgo ce, aure ya kawo ta gidan Siddiƙu manomin albasa, kuma shekara ashirin da 'yan kai tana surfe, tana wanke gero, tana kirɓi, tana cura. Furarta ba a cewa komai. Citta da kanumfari da masoro sukan ji a ciki, har masaƙa kan ce ko da ido rufe suna gane ta Azumi.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne lalle. Mace ta doshi hamsin, amma ba a taɓa ganin tafin hannunta fari ba. Kafin wani ƙunshin ya koɗe ta sake zura hannu a zunguru. Mata suna tsokanarta, wai amaryar da ba ta gama amarci. Ita ma sai ta yi dariya, ta ce mai abinci dole ta yi kyan hannu. Suna ganin son kwalliya ne, ita kuwa rufin asiri take yi.

Tun haihuwarta ta biyu abin ya soma. Da ta tsoma hannu a ruwan da ya kwana cikin randa, sai yatsunta huɗu su yi fari fat tun daga gaɓa ta tsakiya, babban yatsa kaɗai ke tsira. Su mutu murus, ko allura aka soka ba ta ji. Jim kaɗan su rine kamar ta taɓa baban rini, sa'an nan in jinin ya tashi dawowa ya zo da zugi, har sai ta cije leɓe ta cusa hannuwan a hammata. Da damina haka, da sanyi kuwa abin ya fi muni. An ce sanyi ne ya shige ta, ta sha saiwoyi, ta sha rubutu, ta shafa man shanu da tafarnuwa, duk a banza.

Zugin ba shi ne damuwarta ba, wannan ta saba. Abin da ke hana ta sakat shi ne, a ƙasar nan yatsan da ya mutu ba ya jin taɓi suna ɗaya mutane suka sani gare shi, kuturta. Wa zai sha furar da kuturwa ta cura? Ranar da kalmar nan ta fito daga bakin mutum ɗaya, ranar sana'arta ta mutu, kuma ko akushi ba mai sake haɗawa da ita.

Siddiƙu kaɗai ya sani. Mutum ne marar yawan magana. In ya dawo daga masallaci da asuba yakan hura wuta ya ɗora mata ruwan wankin gero, abin da da maza sun gani da sun yi masa dariya har ya mutu. Sau da yawa yakan ce, “Azumi, mu tahi a duba hannun ga. An ce akwai malamin asibiti da ka zuwa wajen Kalgo.”

Ita kuwa amsarta ɗaya ce. “Malam, in ya ce ita ta fa? Bari ni da rashin sanina.”

Da kakar wata shekara, ana cikin yankan gero, zazzaɓi ya kwantar da Siddiƙu kwana shida, ran na bakwai ya cika. Azumi ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba turare, ba lalle. Mutane suna ta yi mata gaisuwar miji, ita kuwa tana kukan abu biyu, ɗayan ba ta isa ta faɗa wa kowa ba. Kullum takan dubi farcenta tana ganin jan yana hawa sama, fari yana biyo shi daga tushe. Kafin wata biyu hannun ya fito tsirara, sanyi ya kankama, ga shi babu mai ɗora ruwa.

Inno ce ta fara gani. Maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma shekara da shekaru kowace hantsi takan miƙo ƙwaryarta ta kan katangar a sa mata fura uku. Ran nan ta shigo ɗebo wuta da sassafe, ta tarar da Azumi durƙushe gaban ƙwaryar gero, yatsu fari fat, tana ƙoƙarin ɗaukar ludayi yana suɓucewa.

“Subhanallahi! Azumi, mi as sami hannunki?”

“Sanyi na, Inno. Ya daɗe.”

Inno ta kama hannun, ta ji shi kamar ƙarfen da ya kwana waje. Ta riƙe shi, ba ta saki ba, wannan kam a ba ta. Amma da ta fita, Azumi ta ji ƙarar buta a bayan katanga, an daɗe ana zuba ruwa.

Inno ba ta faɗa wa kowa ba, sai dai ba ita kaɗai ke da ido ba. Masu shigowa saye suka fara kallon hannun kafin su kalli furar. Mudu shida da take dakawa ya koma huɗu. Da ƙanenta Haliru ya zo daga Kalgo duba ta, ta fashe da kuka ta nuna masa.

Haliru ya ce, “Yaya, ɓoyo ya ƙare. Da kin hita takaba in zaka in ɗauke ki. In ba ita ba ta, a ba mu takarda mu rufe bakin mutane. In ko ita ta, yanzu akwai ƙwaya, an ce tana magani.”

Sauran kwanakin takabar ta yi su tana saƙa da warwara. Yau ta ce za ta, gobe ta ce ko da ɗaure ba ta zuwa. Abin da ya tura ta a ƙarshe shi ne ta gaji da zargin hannunta ita kanta, har takan tsaya tana duban furar da ta cura tana tunanin ko tana cutar bayin Allah.

Suka yi kwana biyu a hanyar Kalgo bisa jaki. Malamin asibitin ranar Laraba yake zuwa, ya kafa teburinsa gindin wata tsamiya a bakin hanyar kasuwa. Abin da Haliru bai yi tunani ba shi ne, Larabar ita ce ranar da kutare ke karɓar ƙwaya. Haka Azumi ta zauna a layi ɗaya da su, ta ja mayafi har hanci.

Malamin ya duba bayanta da damatsanta yana neman tabo, bai samu ba. Ya sa ta rufe ido, yana shafa mata auduga tana nuna wurin, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ya sa ta tsoma hannu a ruwan tulu, ya tsaya yana kallo har yatsun suka yi fari suka dawo.

Ya ce, “Inna, wannan ba kuturta ba ce. Jini ne ba ya isa bakin yatsu in sanyi ya taɓa su. Ba ni da maganinsa. Ki riƙa aiki da ruwan ɗumi, ki rufe hannu da safe.”

Shekara ashirin tana gudun wannan magana, ashe abin da Siddiƙu yake yi mata da tukunyarsa ke nan. Ta roƙi malamin ya rubuta, ya rubuta, ta ƙulle takardar a bakin zane. A hanyar komawa har waƙa ta yi.

Amma labari ya riga jakinsu isa gida. Jibrin, wani mai fataucin albasa daga unguwarsu, ya wuce ta gaban tsamiyar nan ran Laraba, ya kuma gane mayafin. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, an ga Azumi a layin kutare.

Abin takaicin, ba wanda ya taɓa ce mata kuturwa, balle ta kwance bakin zane ta nuna takarda. Gaisuwa ake yi mata har da ƙari, daga bakin ƙofa. Wannan ta ce yau sun dama kunu, waccan ta ce maigida ya daina shan fura. Mudu huɗu ya koma ɗaya, ɗayan ma yana kwana. Ƙwaryar Inno kaɗai ba ta fasa leƙowa ta kan katanga ba, fura uku kowace hantsi. Azumi takan ce a ranta, ko mutum ɗaya ya yarda da hannunka ai ba ka mutu ba.

Wata ranar Juma'a ta ce bari ta zagaya ta yi wa Inno godiya da baki. Ta yi sallama ba a amsa ba, Inno ta tafi barka. Tana juyawa ta hangi kaskon kaji a gindin rumbu. Furarta ce a ciki, uku cif, ɗaya har da shatar yatsunta, kaji sun kewaye suna tsattsaga. Ko hawaye bai zo ba, ta juya ta koma gida.

Washegari ta daka geronta, ta bar citta da kanumfari a cikin gora, ta cura shi lami. Haka jibi, haka gata. Ran na bakwai ƙwarya ta leƙo, muryar Inno na biye da ita.

“Azumi, hurar jiya ta yi daɗi. Cittag ga ta ji, har maƙoshi.”

Azumi ta dubi hannunta, fari, ba ta sake sa masa lalle ba tun fitar takaba. Ta ɗauki fura uku ta jera a ƙwaryar, ta barbaɗa gari, ta miƙa ta kan katanga.

Ta ce, “Madalla, Inno. Allah shi bar zumunci.”