Tsaga Goma Sha Shida a Ƙotar Digar Kawu Abarshi

Duk wanda ya taɓa zama a Unguwar Auta, can gaba da Kuyello, ya san Kawu Abarshi, yayan mahaifiyata. Manomi ne kamar kowa, masara da dawa, amma ba da noma aka san shi ba. Shekara talatin da ɗoriya, in aka yi rasuwa, kafin mata su gama salati shi ya riga ya saɓa diga ya nufi maƙabarta. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke aikensa. Ga faɗa! In ka tsaya kana miƙa a bakin kabari, sai ya ce ka koma gida ka taya matarka tankaɗe. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: bai taɓa barin mamaci yana jira ba.

Bai iya boko ba, kuma mu ba ma rubuta suna a kan kabari. Sai ya samo tasa dabarar. Duk wanda ya rufe, sai ya ɗauki wuƙa ya yi tsaga ɗaya a ƙotar digarsa. In ƙota ta cika ya cire ta ya rataye a zaure, ya sa sabuwa. Ka nuna masa kowace tsaga, zai gaya maka mai ita, da sunan ubansa, da ciwon da ya ɗauke shi.

A shekarar da aka yanke layin waya a yankinmu, ina makaranta a Kaduna, 'yan bindiga suka fito daga daji suka faɗa wa ƙauyenmu da hantsi, ana tsakiyar girbi. Sai bayan kwana huɗu na ji, a bakin wani direba. Cikin waɗanda aka kashe har da Shafi'u, ɗan Kawu tilo namiji, wanda muka tashi tare. Mutum ashirin da uku aka rasa a ranar, kowa a garinmu ya san wannan.

Bara malaminmu ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya shiga kundin sanin nan na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a ciki, ya zaɓi shafi ɗaya da ke magana a kan laifuka, ya auna ingancinsa. Na ce kai, wannan ai nawa ne. Na buɗe shafin hare-haren ƙasar Birnin Gwari, na gangara har na ga sunan ƙauyenmu. Layi ɗaya ne tak. An rubuta cewa mutum bakwai suka mutu.

Bakwai? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na goge fuskar wayar da gefen hijabina, kamar datti ne ya rufe sauran. Na duba majiyoyin da aka jingina, jaridu har uku. Da na karanta su sai na ga magana ɗaya ce suka kwafa daga sanarwa ɗaya, har waƙafi bai bambanta ba. Nan take na goge bakwai na rubuta ashirin da uku.

Ko minti ashirin ba a yi ba aka mayar da bakwai. Na sake gyarawa, aka sake mayarwa. Sai wani daga cikin masu kula da shafin ya rubuto mini, cikin ladabi kuwa, wanda ya fi ƙona mini rai. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce ba ƙaryata ni yake ba, amma ƙa'idarsu ita ce sai abin da aka buga a jarida ko littafi. In suka karɓi maganar kowa da baki, gobe wani zai zo ya ce ba a kashe kowa ba. Wallahi ba ƙarya ya yi ba. Amma daga ina aka samo bakwai?

Da aka yi hutu na hau mota zuwa Birnin Gwari, na ƙarasa a kan babur. Na tarar da Kawu a zaure yana ɓarar masara, maƙwabciyarmu Deborah tana tsaye a bakin ƙofa ta kawo masa kunu. Kirista ce, ita ma ta rasa mijinta Benjamin a ranar harin. Na gaida su, na karanta musu layin.

Kawu ya ajiye masarar. Ya ce, "Sake karantawa, Zakiyya." Na sake. Ya miƙe ya sauko da wata ƙota da ke rataye ita kaɗai, sabuwa ful in ban da tsagoginta. Ya ce, "Goma sha shida na rufe da hannuna kafin magariba. Ga su nan. Wane mara kunya ne ya ce bakwai?"

Deborah ce ta fara ganewa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo Allah! Malam Abarshi, ai namu ne bakwan. Mun kai maigidana da wasu uku ɗakin ajiye gawa a cikin Birnin Gwari, muna jiran 'yan'uwa su iso. Uku kuma a asibiti suka cika. Da masu ƙirgen suka zo bayan kwana biyu, can suka tsaya. Hanyar ƙauyen nan ba ta biyuwa, waya ba ta shiga. Abin da suka gani a kwance shi suka rubuta."

Kawu ya dubi ƙotar, ya dube ni, sannan ya tambaye ni da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba.

"A cikin bakwan nan, akwai Shafi'u?"

Na ce, "Babu, Kawu."

"To wanda ke Kano ko Makka, in ya buɗe abin nan, a wurinsa ɗana bai mutu ba?"

Na ce, "A wurinsa ba a ma san an haife shi ba." Har yau ina da-na-sanin wannan magana, bakina ne ya riga hankalina.

Ya zauna daɓas a kan buhu. Ya ce, "Ashe saurina ne. Ni na ɓoye su. Da na bar su kwana biyu a rana, da an ƙirga su." Hawaye suka bi gemunsa. Can ya girgiza kai da ƙarfi. "A'a, wallahi a'a. Ko yau aka maimaita, kafin magariba zan rufe ɗana."

Ya ce in kunna abin ɗaukar magana na wayata. Ya ɗora babban yatsa a kan tsaga ta farko ya fara kira, suna da sunan uba. Mamuda na Wakili. Fatsuma 'yar Abdulƙarim, da goyonta, tsaga biyu a manne. Deborah na amsawa da "Allah ya ji ƙai" bayan kowane. Da ya kai ta goma sha shida, wadda ta fi sauran zurfi, bakinsa ya buɗe amma sauti ya ƙi fita. Deborah ce ta faɗi sunan.

Na kai muryar gidajen jarida biyu a Kaduna, suka ce labarin ya tsufa. A aikin makaranta na rubuta cewa shafin ya bi ƙa'idarsa daidai, kuma babu mutum goma sha shida a cikinsa. Duk zuwana gida, kafin ya amsa gaisuwata Kawu yake tambaya ko an gyara. Jiya ma na duba, bakwai ne.