Littattafan Yaya Bukar da Na Miƙa da Hannuna

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bukar, kuma har yau idan famfon burtsatsen unguwarmu a Bolori ya fara ƙara, shi nake tunawa.

Malamin kimiyyar sinadarai ne. Abin da ya dame shi, famfon ruwan sha ba a sa masa giris don kada ruwan ya ɓaci, shi ya sa ƙarafan ciki ke cin juna har su lalace. Sai ya duƙufa kan wani shafi da ake yi wa ƙarfe, mai siraran gashi na roba da ido ba ya gani. Gashin ya riƙe ruwa, ƙarfe ya riƙa sulɓi a kan ɗan'uwansa. Idan muka kasa ganewa, sai ya ce mu tuna miyar kuɓewa tsakanin yatsu biyu. Muna yi masa tsiya da Injiniyan Yauƙi. Shekara shida yana rubuta gwaje-gwajensa, har ya cika littattafai huɗu.

Ranar sadakar uku, amininsa kuma abokin aikinsa Modu, wanda ya yi masa wanka, ya ja ni gefe. "Ƙanena, ba ni littattafan nan in ƙarasa aikin. Sunan marigayi ne zai zo a gaba." A wurinmu, wanda ya wanke maka mamaci ba ka ce masa ya sa hannu a takarda. Ko hoton shafi ɗaya ban ɗauka ba. Na ɗauko na miƙa masa, har da godiya.

Bayan shekara biyu aikin ya fito a wata mujallar kimiyya ta ƙasar waje. Sunaye uku, har da na Modu, babu Bukar, ko a layin godiya. Da na tare Modu a Kasuwar Litinin, cewa ya yi, "Ai abin da ya bari ba shi da yawa." Bai kalli idona ba.

Da Yaya zai ga wannan, me zai ce? Na san halinsa. Tambaya zai yi ko famfunan unguwannin Gwange da Bolori sun daina lalacewa, kuma ba su daina ba. Ni ba ni da haƙurinsa. An ci amanarmu, ban kuma yafe ba.

'Yarsa Falmata yanzu sinadarai take karantawa. Watan jiya ta zo mini da takardar da ta fito a mujallar nan, malaminsu ya ba su su nazarta.

"Baffa, wannan ba irin aikin Baba ba ne?"

Na ce mata aikinsa ne, ba irinsa ba.

"To ina shaida?"

Abin da ya rage na Yaya ke nan: yarinya da ba ta karɓar magana sai da hujja, kamar shi. Ni kuwa babu ko shafi ɗaya da zan nuna mata.