Noreen Gallagher da Fitowar Ƙarshe ta Iyalan Tsawa

Ƙarfe bakwai da kwata Noreen Gallagher take sauka daga jirgin ƙasan da ke tasowa daga unguwar Queens, ta sayi baƙin kofi a wajen mai keken bakin titi, ta hau bene na tara tun masu shara ba su gama ba. Shekara talatin da shida ke nan tana haka. Aikinta a kamfaninmu na littattafan zane ba shi da wani suna mai daɗin faɗa. Ita ce take bin marubuci har ya kawo labari, ta miƙa wa mai zane, ta karɓo ta kai wa mai sa launi, ta duba kowane shafi, sannan ta tura maɗaba'a. In littafi ya fito a kan lokaci ba mai tunawa da ita. Ran da ya makara kuwa, har mai gadi ya san lambar wayarta.

Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Shi ya sa nake so in faɗi wani abu da na gani da idona.

Ni marubuci ne. Shekara tara na yi ina rubuta Iyalan Tsawa, labarin uba da uwa da 'ya'yansu biyu masu tashi sama suna jefa walƙiya. Mai zana su Desmond Ferraro ne, dattijon da ya riga ni kama littafin da shekara ashirin.

Tun kafin in zo, a wata shekarar da kamfani ya kusa durƙushewa, ya sayar wa wani kamfanin fim na California izinin yin fim da iyalan nan. Da ya farfaɗo ya buɗe nasa sashen fim, sai ya nemi a mayar masa da izinin. Suka ce ciniki ya riga ya faɗa. Lauyoyi suka shiga, mu kuma muka fara ganin takardu daga sama. Aka cire hotunan Iyalan Tsawa daga rigunan da kamfani ke sayarwa. Aka cire su daga allon da ke ƙofar shiga. Aka ce kada in kuskura in ƙirƙiro sabon jarumi a littafin, domin duk wanda ya fara bayyana a ciki, na mutanen California ne. Ni da aikina ƙirƙira, aka hana ni ƙirƙira.

Sai ranar da Mista Holloway, shugaban editoci, ya tara mu. Ya ce littafin zai tsaya. Ya ce a fitowar ƙarshe a kashe su duka huɗun, kuma ta fito a watan da za a fara nuna fim ɗin mutanen California, don a ɓata musu biki.

Kwana biyu na yi na rubuta. Ba zan ɓoye ba, an yi mini alkawarin wani littafin. Desmond ya zana shafi goma sha shida, ya ajiye alƙalami.

Noreen ta same shi a teburinsa, ina daga gefe.

"Des, ina na sha bakwai?"

"Babu."

"Babu kamar yaya? Kare ya cinye?"

"A shafin nan Tilly za ta mutu," in ji shi. Tilly ita ce autar iyalan. "Ki ce wa Holloway ya sauko ya kashe ta da hannunsa."

Noreen ba ta ƙara tambayarsa komai ba. Ita ta san abin da ni ban sani ba duk shekarun nan: fuskar 'yarsa ya ba Tilly, 'yar da ta rasu tana shekara goma sha ɗaya. Kowane wata yana zana ta sau talatin, sau arba'in.

"Sha kofinka, tsoho. Kada ka taɓa komai." Ta juyo gare ni. "Kai ma taso, tunda kai ka haɗa musu bam ɗin."

Na zaci roƙo za ta je yi. Ta zauna gaban Holloway ba tare da ya ba ta kujera ba, ta ce, "Nawa mutanen California suka biya ka?"

"Noreen, kin sha wani abu ne?"

"To kyauta za ka yi musu talla? Jarumi in ya mutu labari ne. Huɗu in suka mutu rana ɗaya, kowace jarida sai ta ɗauka, 'yan talabijin su zo su cika mana ƙofa. Wanda bai taɓa jin sunansu ba zai ji. Ya ce su waye waɗannan? A ce masa ga fim ɗinsu can ana nunawa."

Holloway ya juya biro a hannunsa.

"Me kike so a yi?"

"Su tafi ba hayaniya. Su tuɓe kayan yaƙi su koma gida. Ba jaridar da za ta buga labarin mutum ya koma gida."

"Lokacin maɗaba'a fa?"

"Wannan nawa ne, ba naka ba."

Ya ce zai kira na sama. Kafin a tashi aiki amsa ta zo: a yi yadda ta ce. Amma tun a hanyarmu ta saukowa daga ofishinsa Noreen ta ba ni aikina. Ta ce, "Shafi shida ya rage. Ka rubuta su kamar kana jin kunya."

Na rubuta. Desmond ya zana cikin kwana tara. A shafin ƙarshe Tilly tana zaune a kan rufin gida tana cin tuffa, ƙafafunta na lilo. Ba jaridar da ta kula, kamar yadda Noreen ta faɗa. Masu karatu ne suka aiko wasiƙu sama da ɗari huɗu, wasu da zagi, ta amsa kowace ɗaya da hannunta a lokacin cin abincin rana.

Kada a ƙara mata abin da ba ta yi ba. Ba ta hana littafin tsayawa ba. Mai sa launi ya rasa aikinsa, haka mai rubuta maganganun cikin zane, duk da ta yi ta buga waya har ta sama wa ɗaya gurbi a wani kamfanin. Faɗan ya fi ƙarfinta, ta kuma san haka. Abin da yake cikin hannunta kaɗai ta ceto.

Bayan shekara shida kamfanonin biyu suka daidaita. Aka dawo da Iyalan Tsawa da ganguna, da sabon marubuci da sabon mai zane. Manya suka yi ta gaya wa 'yan jarida irin hangen nesan da kamfani ya yi da bai kashe su ba. Noreen ce ta tura wannan fitowar maɗaba'a. Sunanta yana ciki, a ƙasan shafin farko, da rubutun da sai an sa tabarau.

Ke ce turmi sha daka, Noreen. Daga sama a dake ki, daga wajenmu a dake ki, ba ki taɓa tsagewa ba. Ke ce kika san ranar haihuwar jikokin mai maɗaba'a, kika san wanda matarsa ke kwance a asibiti, da wanda ƙarya yake yi in ya ce shafi ya kusa. Na gode. Desmond ma ya gode, ko da yake ya ce shi da bakinsa zai faɗa. Ya haura tamanin, amma ya ce zai hau jirgi ya zo ranar Juma'a.

Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, rigimar fim ba ta ƙare ba. Wata rana takarda za ta sauko muku daga sama, kuma ba za ku iya mayar da ita ba. Ran nan ku tsaya ku duba wanda ke zaune kusa da ku kafin ku ɗauki biro. Ni shekara tara muna aiki tebur da tebur da Desmond, ban taɓa tambayarsa fuskar wa yake zanawa ba.